Yadda ake haɗa banjo na ƙwarya da fatar akuya a gida

Banjon da na fara haɗawa bai yi sati a duniya ba. Cikin Janairu ne, hunturu ya kankama, na jingine shi a kusurwar ɗaki na kwanta. Wajen ƙarfe biyun dare sai na ji tau! kamar an buga bindigar toka. Da na haska fitila, sai ga ƙwarya ta tsage daga baki har gindi, fata kuwa ko gezau, ta ɗame kamar faranti. Da safe na kai wa wani tsoho mai ɗaurin ganguna a unguwar Birni ta Damagaram. Ya juya ta, ya ƙyasta fatar da farce, ya ce, "Yaro, da ƙarfinka ka ja ta tana jiƙe?" Na ce, "E, Baba, har da awartaki." Ya yi dariya ya ce, "Kai ka ja, iskar Damagaram ma ta ja. Ƙwarya ɗaya za ta iya da ku biyu?"

Ga wanda bai san banjo ba, ɗan'uwan gurmi da garaya ne da ya tashi a ƙetare. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan, da duma da fata da sanda. Wani likita mai suna Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya buga zanen irinsa a 1707. Masu bincike sun fi ganin kamanninsa a akontin, abin kiɗan Jolawan Gambiya da Kazamans ta kudancin Senegal. Abu biyu suka raba shi da gurminmu: wuyansa shimfiɗaɗɗe ne, ba zagayayyar sanda ba, kuma ana ɗame tsirkiyarsa da ƴan turakun murɗawa, ba da ƙullin fata ba. Na kanti yau da katako da ƙarfe ake yinsa, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 fatar roba ake sa masa. Wanda za mu haɗa irin na asali ne, sai dai mai tsirkiya biyar, kuma babu abin da ke jikinsa da ba a samu tsakanin Kasuwar Dole da gidan mahauta.

Fata tukuna

Da ita ake farawa, domin ita ke cin kwanaki. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya nufi majema ya sayo jemammiyar fata mai laushi. Wannan ta dukawa ce, ta jaka da takalmi. Fatar da ta sha bagaruwa ta mutu, ko ka jiƙa ta ka shanya ba za ta ɗame ba, sautinta kamar ka bugi matashin kai. Ɗanya kake so, wadda aka feɗe yau ko jiya, ba a barbaɗa mata gishiri ba.

Ta akuya za ka nema, matashiya, kuma mace ta fi bunsuru, don fatar bunsuru kauri gare ta ga wari. In ka dace da ta jar akuyar Maradi, madalla. Bayan Babbar Salla fatun raguna kan yi yawa har kyauta a ba ka, amma kada araha ta ja ka. Fatar tunkiya maiƙo gare ta, tana miƙewa ba iyaka, kuma saurin yagewa take yi a bakin ƙusa. Ta mushe kuwa ko taɓawa kada ka yi: akwai ciwon saifa da ke kama mutum ta fatar dabbar da ta mutu da shi. Ka saya a hannun mahaucin da ka san a mayanka yake yanka.

Kafin ka biya, ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Duk inda wuƙar mai fiɗa ta yi zurfi za ka ga haske. In ƙarzanen a gefe yake babu laifi, in kuwa a tsakiyar baya ne, ajiye ta ka ɗauki wata.

A gida, tace toka mai kyau kamar kwano biyu, ka dama a bokitin ruwa, ka tsoma fatar, ka danne da dutse. Kullum safe da yamma ka juya ta da sanda. Ruwan toka yana cin hannu, saboda haka ka sa safar roba ko ka ɗaura leda. Daga kwana na biyu fara gwadawa: tsunkuli gashin, in ya biyo yatsa ba gardama, ta yi. Da zafi kwana biyu zuwa uku ya isa, da sanyi takan kai biyar. Kada ka bar ta ta wuce lokacinta, toka tana gama da gashi sai ta shiga cin fatar kanta. Shimfiɗa ta a kan turmin da aka kife ko wani gungume mai santsi, ka tuje gashin da bayan wuƙa, daga wuya zuwa wutsiya. Juya ta, ka kankare sauran nama da kitse. Wannan ɓangaren ya fi gundura, amma duk kitsen da ka bari, nan sauti zai toshe. Ɗauraye ta sau huɗu ko biyar har santsin toka ya fita, ka bar ta ta kwana a ruwa mai kyau, sannan ka kafe ta da ƙusoshi a jikin katako, cikin inuwa, nesa da karnuka. Bayan kwana biyu za ta bushe ƙamas, kana iya hango inuwar hannunka ta bayanta.

Ƙwarya

Ranar Alhamis, da kasuwa ta cika, je wajen masu ƙorai da abin awo a aljihu. Faɗin baki santimita 26 zuwa 28 kake nema. Duk lissafin da ke tafe na ƙwarya mai santimita 27 ne. Kaurin ɓawonta kada ya gaza milimita 7. Ƙwanƙwasa ta da yatsa: ƙosasshiya ƙara take yi tas, wadda aka cire ba ta nuna ba kuwa sai ka ji ɓuf. Duba kada a samu hujin ƙwaro, kada kuma a samu ɗinkin gyartai, komai kyansa. Mai sassaƙen ado a ajiye wa amare, zanen yana rage mata ƙarfi.

Shimfiɗa samfefa a daɓen siminti, kife ƙwaryar, ka riƙa murza ta har bakin ya daidaita, babu inda haske ke shiga. Sannan ka goge kaifin bakin ta waje ya yi sumul, don kada ya yanki fata.

Yanzu sai abin da na tsallake a karon farko. Kai wa kafinta ƙwaryar ya yanko maka zobe na katako, mai kaurin santimita ɗaya da rabi, wanda zai zauna cif a cikin bakinta. Manna shi da farin gam, ƴar ƙasa kaɗan da baki, kamar milimita 3, yadda fata ba za ta taɓa shi ba. Zoben nan shi ke ɗaukar jan fata, shi kuma ƙusoshi za su kama. Idan gam ya kwana, yanka rami zagayayye mai faɗin santimita 4 a gefen ƙwaryar, ɓangaren da zai kalli fuskarka in kana kaɗawa, don sauti ya samu mafita. Shafa wa cikin fenti mai ƙyalli na katako sau ɗaya, yana hana ƙwari.

Wuya

Katako ɗaya ne tun daga kai har wutsiyar da za ta ratsa ƙwarya. Tsawon mita ɗaya, faɗi santimita 7, kauri 6. Maɗaci ya fi, in babu, jan katakon kafintoci ya wadatar. Sharaɗin kawai ya zama busasshe. Ƙafar tsohon gado ko dogaran tsohuwar ƙofa sun fi sabon katako sau goma, don sun gama duk murɗewar da za su yi.

Raba shi uku da fensir. Santimita 15 na farko kai ne, inda turaku huɗu za su zauna. Santimita 46 na biye su ne wuyan da yatsu ke takawa. Sauran 32 wutsiya ce, ragowar ka yanke. Fuskar wuyan sai ta miƙe sambal, ka ɗora ƙarfen awo ka tabbatar. Faɗinta santimita 3 da rabi a sama, ya buɗe zuwa 5 a inda zai haɗu da ƙwarya. Bayan wuyan ka zagaye shi da magagari har ya zauna daɗi a tafin hannu, kaurinsa kamar santimita 2 da rabi, sai dai kusa da ƙwarya ka bar masa dunduniya mai kauri, ka sassaƙe ta ta bi lanƙwasar ƙwaryar. Kan kuwa ka rage shi ta sama, ya koma kaurin santimita ɗaya da rabi, ya ɗan sunkuya baya.

Tsirkiya ta biyar gajera ce, ba ta kaiwa kai. Daga santimita 16 ƙasa da mahaɗar kai da wuya take farawa, a gefen da babban yatsa yake. A nan ka bar wa wuyan ɗan kafaɗa na santimita ɗaya, ka huda ta don turke na biyar.

Wutsiya murabba'i ce, santimita 2 da rabi kowane gefe, kuma samanta yana ƙasa da fuskar wuya da santimita 2 da rabi. Sai ka yanka mata ramuka biyu a ƙwarya, suna kallon juna. Natsu a nan, don nan ne banjo ke yin daɗin kaɗawa ko ya zama azaba. Ramin wajen wuya, samansa ya kasance santimita 2 da rabi ƙasa da baki, yadda fuskar wuya za ta yi daidai da bakin ƙwarya. Ramin wajen wutsiya kuwa ya fi kusa da baki da kamar milimita 8. Wannan bambancin shi ke sa wuya ya ɗan kwanta baya, tsirkiya ta sauko kusa da yatsu. Kada ka sa zarto ko ka doka wani abu. Jera ƙananan huji a kan layin fensir, ka haɗe su da wuƙa, ka gyara da magagari, kana gwadawa kana ragewa. Gara ramin ya yi matsi.

Zura wuyan ka gwada. Ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a fuskar wuya ta wuce kan ƙwarya. A santimita 18 daga bakin wajen wuya, inda jaki, wato ɗan katakon da ke ɗaga tsirkiya a kan fata, zai tsaya, sandar ta kasance sama da layin baki da milimita 5 ko 6. In bai kai ba, ɗan ƙara ramin wutsiya ta sama ka cusa siririn katako ta ƙasa. Da ya yi daidai, huda wutsiyar a inda ta ɓullo waje don ɗan katakon da zai kulle ta, sannan ka zare wuyan ka ajiye.

Turakun guda biyar, ni kunnuwa nake ce musu, da ƙirya ake fiƙe su, ko da aduwa, irin icen da ake allo da shi. Tsawon santimita 7, kauri ya taso daga milimita 7 zuwa 9. Hujinsu ma sai ya bi wannan siffa, kuma wutsiyar magagari tana yin aikin in ka riƙa murza ta a ciki. A mahaɗar kai da wuya, manna ɗan guntun ƙashin saniya mai tsaga huɗu, ya ɗara fuskar wuya da milimita 2. A kansa tsirkiya za ta ta da kai.

Ɗaurin fata

Zaɓi safiyar da ba ka da wata hidima, ka kuma samo mai taya ka riƙo. Tanadi ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai irin na masu yin kujeru, kamar 45, da farin gam, da robar cikin tayar keke da aka yanka siriri, da tsumma.

Tun kafin ka jiƙa komai, ja layi a kewayen ƙwarya, santimita ɗaya ƙasa da baki, ka sa alama kowane santimita 2. Huda kowace alama da basilla ko siririn ƙarfen huji, ya ratsa ɓawon ƙwarya ya taɓa zobe. In ka doka ƙusa a ƙwaryar da ba a huda ba, tsagewa za ta yi. Tsallake inda dunduniyar wuya za ta zauna da saman ramin wutsiya, gam ya isa a wuraren nan.

Yanko da'ira mai faɗin santimita 45 daga tsakiyar bayan fatar. Layin gadon baya ana ganinsa, ya fi duhu ya fi kauri, to shi zai bi layin tsirkiya, daga wuya zuwa wutsiya. Jiƙa ta a ruwan randa, ba mai ɗumi ba, awa ɗaya zuwa biyu, har ta yi laushi kamar tsohon zane. Naɗe ta a tsumma ka matse ruwan.

Shafa gam a bakin ƙwarya da santimita biyu na gefenta. Ɗora fatar, ɓangaren da gashi yake a sama. Ƙusa ta farko a gabas, ta biyu a yamma, sannan kudu, sannan arewa. Daga nan ka riƙa cike tsakani, kullum in ka sa ɗaya a nan sai ka tsallaka ka sa kishiyarta. Kada ka bi su a jere kamar mai ɗinkin tabarma, fatar za ta tattare gefe ɗaya. Da babban yatsa ko ɗan ƙaramin guduma ake tura su, kuma ka bar su rabi har sai duka sun shiga, don in ka ga tamoji ka zare ka gyara.

Ga ma'aunin jan da tsohon nan ya koya mini. Da yatsu kawai ake ja, iyaka tamoji ya ɓace, fatar ta kwanta sumul. In ka gama, danna tsakiya da babban yatsa ba da ƙarfi ba: ta nutse kamar santimita ɗaya, ta dawo a hankali. Za ka ji kamar ba ka yi komai ba, ranka zai ce ƙara. Kada ka ƙara. Masu koyar da wannan aiki a bidiyon intanet galibi a ƙasashe masu laima suke, shi ya sa za ka ga suna ja har da cije leɓe. A nan kuwa, tsakanin Janairu da Afrilu, damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma fata ba ta daina tsukewa sai ta kai inda iskar ta kai. Wanda ya ɗaura da damina ya fi kowa shiga tarko, domin bayan kwana uku zai ga fatar ba ta ɗame sosai ba, ya zare ya ƙara ja, sai hunturu ya zo ya karɓi bashinsa.

Kammala tura ƙusoshin, ka naɗe kewayen da robar taya zagaye uku don fata ta kama gam. Ajiye ta a cikin ɗaki, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, ba a bakin taga ba. Ɗora ɗan jiƙaƙƙen tsumma kamar tafin hannu a tsakiya na yini ɗaya, don gefe ya riga tsakiya bushewa, gam ya kama kafin ja ya fara. Da hunturu ka lulluɓe ta da zane ma. Kwana uku kada ka taɓa. Ran na huɗu ƙyasta ta da farce, in ta ce tan, warware robar, ka bi ƙasan ƙusoshi da sabuwar reza ka yanke rarar fata. Yi a hankali, busasshiyar fata takan ture reza ta faɗa wa yatsa.

Jaki da tsirkiya

Mayar da wuya, ka kulle wutsiya. Yanzu ne jemammiyar fata za ta yi rana: sayo guntu mai kauri wajen dukawa, faɗin yatsa uku, ka yi masa huji biyar a gaba, ka ɗaure bayansa a wutsiyar da ta ɓullo. A nan tsirkiyoyi za su kama.

Jaki daga busasshen katako marar nauyi ake fiƙe shi. Tsawo santimita 8, tsayi ɗaya da rabi, ƙafa biyu, kaurin gindi milimita 5, ya sirance zuwa 2 a sama. Yi masa tsaga biyar, tsakanin kowace milimita 11. Ba a manna shi, tsirkiya ke danne shi. Mazauninsa santimita 64 daga ƙashin nan na sama.

Wayar ƙarfe ba ta banjon ƙwarya ba ce, za ta lanƙwasa wuya ta nutsar da jaki. Zaren roba na masunta ake sawa, ana rubuta kaurinsa a jikin ƙullin. Ta ɗaya, wadda ke ƙasa in ka rungumi banjo, milimita 0.6. Ta biyu 0.7, ta uku 0.8 ko 0.9, ta huɗu 1.0 zuwa 1.1, gajerar kuma 0.6. Ƙona bakin zaren da ashana ya yi ɗan dunƙule don kada ƙulli ya zame. In turke yana sulɓewa goga masa alli, in ya cije goga masa busasshen sabulu.

Saitin da aka fi sani, daga gajera zuwa ta ɗaya, shi ne Sol, Re, Sol, Si, Re, kuma Sol ɗin gajerar ya fi duka tsini. Ga zaren roba da ƙwarya na fi son a sauke duka da mataki ɗaya: Fa, Do, Fa, La, Do. Muryar ta fi kauri, ƙwarya kuma ta huta. Manhajar saita kiɗa ta waya za ta taimaka. Kwana huɗu ko biyar na farko zaren zai yi ta saki, kana ɗamewa yana saki, wannan ba lalacewa ba ce. Wuyan ba shi da ƙarafan tsakani irin na gita, kuma hakan ya fi dacewa da waƙoƙinmu, yatsa yana zamewa inda murya ta je. Mai koyo zai iya ɗiga alamar fensir a gefen wuya a santimita 7, 16, 21 da 32.

Auna tsakanin tsirkiya da wuya a alamar 32 ɗin nan. Milimita 4 zuwa 5 shi ne daidai. In ya fi haka rage tsayin jaki, in tsirkiya tana zizar katako fiƙe wani mafi tsayi.

Da ma jaki biyu za ka riƙe. Ruwan farko na sauka a Yuni, fata za ta saki, jaki ya nutse, sauti ya dushe, zuwa Agusta har tsirkiya ta kwanta a wuya. Sai ka sa dogon, mai santimita 2. In za ka kaɗa a taro, yi yadda makaɗa ke yi wa gangunansu: kanga fatar a rana minti biyar, ko ka riƙe ta kamu biyu daga garwashi kana shafawa da tafin hannu har muryarta ta dawo. Mai ko man shanu kada su kusance ta, laushin da za su sa mata ba ya fita. Idan iskar gabas ta juyo a Nuwamba, mayar da gajeren jaki, ka sassauta turaku rabin murɗi duk daren da ka gama kiɗa, ka sa banjon a buhun yadi, ka rataye shi a bangon ƙasa, nesa da rufin kwano.